Kwalin magani da saiwoyin Turanci: littafin aikinmu na zaure

Asabar, 2 ga Nuwamba, 2024

Yau muka fara, ni da Auta, a zauren gidan Yaya bayan sallar La'asar. Zan riƙa rubuta yadda abin ke tafiya, don na san halina: in ban rubuta ba, nan da mako uku zan ce aiki ya yi min yawa.

Ga yadda aka haihu a ragaya. Auta ta rubuta JAMB a bana, makinta bai kai na karatun aikin jinya da take so ba, kuma Turanci ne ya ja ta ƙasa. Yarinyar ta yi ƙoƙari, wannan kam ba a ƙwace mata ba. Yaya ta nuna min littafin da ta cika da kalmomi, kowace da ma'anarta a gaba, ta yi ta tilawarsu kamar mai shirin musabaƙa. Na buɗe tsakiya na tambaye ta *circumspect*. Ta ɗaga kai sama ta ce, "Wallahi Kawu na san tana shafin hagu, can ƙasa-ƙasa." Gidan kalmar ta riƙe, mai gidan ya ɓace mata.

Jarrabawar nan tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci ne, kuma akwai sashen da ake ja wa kalma layi a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Babu wanda ya isa ya haddace duk kalmar da za ta iya faɗowa. Ni ba malamin Turanci ba ne, gwajin jini da fitsari nake yi a wani ƙaramin asibiti. Abin da ya cece ni a makarantar koyon aikin lafiya shi ne wani malaminmu da ya koya mana ɓare doguwar kalma kamar gyaɗa. Shi nake so in koya mata.

Da Hausa na fara. Na rubuta makaranta, maƙera, majema, mahauta, na ce me ya haɗa su? Ta ce duk wurin yin wani abu ne. Na ƙara marubuci da maɗinki, sannan mabuɗi da madubi. Na ce ko ba ki taɓa jin masussuka ba, in kin san sussuka ai kin gama. Ashe ma sun yi wannan a ajin Hausa, ta tuna sunayen da kanta: saiwa, ɗafa-goshi, ɗafa-ƙeya. Ba ta dai taɓa kawowa a ranta cewa Turanci ma haka aka ƙera shi ba.

Sai na rubuta *spect*, na ce daga Latin take, harshen Rumawan da, ma'anarta duba. Da *in*, wato ciki, ta ba da *inspect*, inda muka samo sufeto. *Retrospect* waiwaye, *spectator* ɗan kallo, *spectacles* tabarau. *Circum* kuma kewaye. Na yi shiru. Ta ce, "Mai duba kewayensa... mai taka-tsantsan ke nan?" Na ce to rufe wancan littafin.

Na kwaso kwalayen magani da ake zubarwa a wurin aikinmu, muka yanyanka su da almakashin ɗinkin Yaya, kowane girman tafin hannu. A farin gefen saiwa da jan biro, ma'anarta da Hausa, 'ya'yanta a ƙasa. In ka juya katin sunan maganin tari ne ko na tsutsar ciki. Yau uku muka yi: *spect*, sai *port* ɗauka, sai *dict* faɗa. Niyyarmu biyar a mako, Asabar da Lahadi.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mun zama uku. Ɗan maƙwabcin Yaya, wanda muke tsokana da Alaramma saboda ya haddace Alƙur'ani tun yana aji uku, ya leƙo ya ga kati baje a tabarma ya zauna. Lauya yake so ya zama. Da na yi masa bayani ya ce, "Ashe sarfu ne. *Kataba, katibun, kitabun, maktabun.*" Na ce kusan haka, sai dai saiwar Larabci baƙaƙe uku ne da ake zuba wa wasula a tsakani, ta Latin kuwa dunƙule take, gaba da baya ake ɗafa mata.

Ya tambayi abin da ya kai Turawan Ingila ga cika harshensu da kalmomin wasu. Na ba su labarin a taƙaice. Latin ya fara shigar musu sosai ta hanyar coci, bayan zuwan masu wa'azin Kirista daga Rum a shekarar 597. Babbar ambaliyar ta zo a 1066, da William na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu, shi kuwa Faransanci jikan Latin ne. Talaka mai kiwo yana cewa *cow* da *sheep*, in naman ya isa teburin masu sarauta ya koma *beef* da *mutton*. A ƙarni na 16 da na 17 kuma malamansu suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin da Girkanci. Yau fiye da rabin ƙamusunsu daga can ya fito.

Abin bai yi musu baƙo ba, don mu ma ruwa da wuta da uwa da tuwo namu ne, alƙali da shari'a da hukunci da ilimi na aro ne. Su ma *water, fire, mother, bread* nasu ne na gado, *judge, justice, court* aro. Kalmomin jarrabawa daga rumbun aron ake ɗebo yawancinsu.

Muka yi wasan farautar Latin a bakinmu. Rahoto daga *report*, abin da aka ɗauko aka dawo da shi. Kwandasta daga *duc*, jagora. Kwangila da tarakta duk daga *tract*, ja. Sanata daga *senex*, tsoho, ashe wanda ya ce Majalisar Dattawa ya dace. Minista kuwa dangin *minus* ne, asalin ma'anarsa ƙaramin mai hidima. Yaya tana tsince shinkafa daga ciki ta ce a je a gaya musu.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Tun da muka fara ban ji daɗin zama kamar na yau ba, kuma ba ni na kawo abin ba.

Muna kan *in* mai kore ma'ana: *visible* da *invisible*, *correct* da *incorrect*. Auta ta ce to me ya sa ake cewa *impossible*, da *illegal*, da *irregular*? A makaranta cewa aka yi su haddace kawai. Na fara kame-kame, wai baki ne ke neman sauƙi. Alaramma yana ta motsa leɓe shi kaɗai, can sai ya bugi cinya ya ce, "Kawu, ai iƙlabi ne!"

Ya karɓi biro. Nun mai ɗauri in ta haɗu da ba sai ta koma mim: ana rubuta *min ba'di*, ana karanta *mim ba'di*. To ga *in* da *balance*, sun ba da *imbalance*. *P* kuwa 'yar'uwar *b* ce, da leɓɓa ake furta su duka, shi ya sa *impossible* da *impatient*. In nun ta haɗu da lam ko ra sai ta narke a cikinsu ba gunna, idgami ke nan: *min rabbihim* ya koma *mir rabbihim*, *min ladunhu* ya koma *mil ladunhu*. Ga *irregular* da *illegal* nan sak. Da mim kuma *immature* da *immoral*. Inda aka rabu shi ne, a Mus'hafi nun tana nan a rubuce sai dai a sa alama, Rumawa kuwa bakinsu suka bi suka sauya rubutun.

Na yi shekaru ina rubuta waɗannan kalmomi, na kuma yi tajwidi a Islamiyya kamar kowa, ban taɓa haɗa biyun ba. Auta ta ƙara da nata: muna rubuta gidan biki amma gidam biki muke faɗa, har da kuma had da. Naso ake kiransa a nahawun Hausa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. *Con*, tare, shi ne ya ɓad da kama a *compose*, *collect*, *correct*. *Syn* na Girkanci mai irin wannan ma'ana shi ne a *sympathy* da *syllable*. *Sub*, ƙarƙashi, yana cikin *succeed*, *suffer*, *support*. Wanda ya fi kowa hawainiya shi ne *ad*, zuwa ga, don kusan duk baƙin da ya tarar sai ya ɗauki launinsa: *accept, affect, allocate, appoint, assist, attract*.

Ribar da ban zata ba ita ce ta rubutu. Auta kullum tana cin tuntuɓe a *accommodate*. Yanzu ta ga *ad* ne da *com* da *mod*, kowace mahaɗa ta haifi tagwayen baƙi, shi ya sa *c* biyu *m* biyu. *Disappoint* kuwa *s* ɗaya, don *dis* ne da *appoint*. *Dissatisfied* biyu, don kowane ɓangare ya zo da tasa.

Kafin a kira Magariba Alaramma ya so ya kā da ni da *unpopular* da *input*, wai ina iƙlabin? Wannan *un* ɗin da wannan *in* ɗin na Turawan ne na gado, ba su bi ta Rum ba, dokar rubutun ba ta hau kansu ba. A baki dai da yawa *umpopular* suke faɗa.

Asabar, 7 ga Disamba

Lambobi. Na tambaye su Disamba wata na nawa ne, suka ce na 12. Na ce *decem* goma ne, kamar a *decimal*. Nuwamba daga *novem* tara, Oktoba daga *octo* takwas, Satumba daga *septem* bakwai. Duk sun goce da biyu saboda tsohuwar kalandar Rumawa daga Maris take farawa. Yuli da Agusta ma da sunansu na biyar da na shida ne, aka sauya su don girmama Julius Kaisar da Augustus.

Muka jera na Latin da na Girkanci kafaɗa da kafaɗa: *uni* da *mono*, *bi* da *di*, *quadr* da *tetra*, *quint* da *penta*, *multi* da *poly*, *semi* da *hemi*. Kati shida, minti arba'in, ba gardama. Auta ta gane *monocotyledon* da *dicotyledon* na darasin tsirrai ba tare da na ce komai ba: masara da gero ganyen tsiro ɗaya, wake da gyaɗa biyu.

Asabar, 21 ga Disamba

Gwaji na farko, tambaya 20 daga littafin tambayoyin baya. Auta 13, Alaramma 11. Makin bai dame ni ba kamar irin kuskuren. Da can in ba su san kalma ba shiru suke yi. Yanzu faɗuwa suke da ƙarfin gwiwa, kuma ni na ɗora su a kan wannan keken.

Dukansu sun ce *invaluable* abu ne marar daraja, alhali wanda darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi ne. *Infamous* suka ce wanda ba a sani ba, alhali wanda ya yi ƙaurin suna ne. Na tambayi Alaramma abin da ake rubutawa a jikin tankar mai, *highly inflammable*. Ya ce, "Ba ya kamawa da wuta ko kaɗan." Na ce Allah ya tsare mu da fassararka a bakin gidan mai. *In* biyu ne a Latin, ɗaya na korewa, ɗaya na shiga ciki, kamarsu ɗaya kamar Hassan da Husaini. Na *inflammable* na shiga ne, kamar na *inspect* da muka fara da shi. Laifina ne da na ba su kati ɗaya.

Haka *ped*. Na Latin ƙafa ne, *pedal* da *pedestrian*. Na Girkanci yaro ne, *paediatrics*, sashen yara a asibiti. Rubutun Ingila da muke bi ya taimaka da wannan *ae* ɗin, amma a *pedagogy* ya ɓace. *Ante* kafin, kamar *antenatal*, awon ciki. *Anti* gaba da abu.

Sai kuma cutar fasa abin da ba ya fasuwa. Alaramma ya raba *uncle* gida biyu, wai *un* da *cle*, yana tambayata mene ne *cle*. Na duba ƙamus don in ba shi amsa, sai na tsinci abin da ya fi tambayar. Kalmar daga *avunculus* take, kuma a Latin ɗan'uwan uwa kaɗai ake kira haka. Kawu ke nan. Ɗan'uwan uba sunansa daban, *patruus*, baffa. *Aunt* daga *amita*, 'yar'uwar uba, gwaggo. 'Yar'uwar uwa *matertera*, inna. Rumawa sun rarrabe dangi kamar yadda muke yi, daga baya ne aka cakuɗa huɗu suka koma biyu. Akwai ma sifa, *avuncular*, mai halin kawu, wato mai sakin fuska ga yara. Auta ta ce a rubuta a katin cewa ban da ranar gwaji.

Doka daga yau: in ka fasa kalma ka samu ma'ana, mayar da ita cikin jimlar ka karanta tun daga farko. Saiwa unguwa take nuna maka, jimlar ce ke kai ka ƙofar gidan.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Mako uku ba mu zauna ba. Biki a dangi, sannan mura ta kwantar da ni, ga hunturu ya mai da zauren kamar firji. Da na baje katunan yau kusan kashi ɗaya cikin uku sun gudu daga kansu.

Na samo gwangwanin madara uku. Katin da aka kasa yana na farko, kullum a duba shi. Wanda aka ci ya koma na biyu, sai bayan kwana uku. In an sake ci ya tafi na uku, sai mako. Wanda aka kasa ko daga ina yake ya dawo na farko.

Sabon abu ɗaya kawai muka yi, baƙaƙen da ake rubutawa ba a furtawa. *B* ɗin *debt* da *doubt*, da *p* ɗin *receipt*, malaman da ne suka cusa su don a ga asalin Latin, *debitum*, *dubitare*, *recepta*. A *debit* da *dubious* da *reception* kuwa suna fita a baki.

Asabar, 25 ga Janairu

Yau a gonata aka yi noma. Na zo da takardun neman gwaji na wurin aikinmu, sababbi waɗanda ba sunan kowa a kai, muka shiga Girkanci.

Na fara nuna musu yadda ake gane baƙon Girka tun daga nesa, kamar yadda ake gane mutum da tsagen fuskarsa: *ph* mai karar *f*, *ch* mai karar *k*, *y* a tsakiyar kalma, *rh*, da *ps* ko *pn* a farko. In ka ga waɗannan kada ka nemi saiwar a gwangwanin Latin.

Sassan jiki tukuna. *Cardi* zuciya, *hepat* hanta, *nephr* ƙoda, *gastr* ciki, *derm* fata, *haem* jini, *oste* ƙashi. Sai wutsiyoyi: *itis* kumburi, *ectomy* yanke abu a fitar, *logy* ilimin abu, *aemia* halin da jini ke ciki. Da waɗannan kaɗai Auta ta karanta rabin takardar. *Hepatitis* ciwon hanta. *Anaemia*, *an* babu, wato rashin jini, kamar yadda mata ke faɗa a layin awo. *Leukaemia* farin jini, na ce to ban da irin wanda 'yan kasuwa ke nema wurin malamai. *Meningitis* kumburin rigar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, sanƙarau, wanda muke fargaba in zafi ya shigo.

Na daɗe a kan *hyper* da *hypo*, don a nan kuskure ba maki yake ci ba, rai yake ci. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. *Hypertension* hawan jini. *Hypoglycaemia* muka ɓare gida uku: ƙasa, zaƙi, jini, sukari ya faɗi ke nan. Mai ciwon suga da aka kawo yana gumi yana karkarwa, in mai jinya ta karanta *hyper* a inda aka rubuta *hypo*, abin da za ta ba shi zai ƙarasa shi. Na sa ta rubuta su a kati biyu, da kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa.

Dariya ta zo a *rrh*, kwarara. *Diarrhoea* abin da ke kwarara ya ratsa, mu ma gudawa muka ce, daga gudu. *Catarrh* mai kwararowa ƙasa. *Haemorrhage* ɓallewar jini. Alaramma da ya gaji da asibiti na ba shi dabbobi: *hippopotamus* dokin kogi, dorina, *rhinoceros* hanci mai ƙaho, karkanda.

Wani abin da na so su riƙe shi ne saiwa tana ɗauke da tunanin wanda ya raɗa sunan, ko da ya yi kuskure. *Malaria* daga Italiyanci, mummunar iska, don sun zaci tururin fadama ke kawo zazzaɓin. Sai a 1880 Laveran ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Sunan bai sauya ba. *Atom* abin da ba ya yankuwa, ga shi an fasa shi. *Oxygen* mai haifar da tsami, don Lavoisier ya ɗauka duk asid sai da shi. *Vaccine* kuwa daga *vacca*, saniya, saboda Edward Jenner a 1796 da ƙurajen shanu ya yi riga-kafin agana.

Auta ta tafi da kati 11, ta ce wannan ya fi amfanar ta a Biology da Chemistry fiye da Turancin ma. *Photosynthesis*, *exothermic*, *isotope*, duk ta ɓare su a tsaye tana saka takalmi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Sun yi rajista dukansu. A takardar an rubuta *candidate*, na ce musu daga *candidus* take, fari tas, don mai neman muƙami a Rum farar riga yake sawa ya fita dandali a gan shi. *Ambition* kuma zagaye ne, yawon neman ƙuri'a gida-gida. Ashe babbar riga mai sitaci da yawon gaisuwar mutuwa lokacin zaɓe tsohuwar sana'a ce.

Amma yau na ga iyakar gonar nan. Na ware tambayoyin da suka faɗi a makonni uku, mafi yawa babu Latin ko Girkanci a cikinsu. Ƙananan kalmomin gado ne masu tafiya da 'yan rakiya: *put off, put up with, call off, give in, take after*. Kowace kalma sun san ta, haɗin ne ba su sani ba, kuma babu abin da za ka ɓare. Kamar Bature ne ya san ci, ya san fuska, ya san amana, a ce masa cin fuska da cin amana.

Inda saiwa ke taimakawa shi ne ta ɗaya ɓangaren, don sau da yawa zaɓin da aka jera a ƙasa na Latin ne. *Put off* amsarsa *postpone*, wadda ita kanta *post* baya ce da *pon* ajiye. Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin karatu ne, ba wata dabara. Na sa kowannensu ya riƙa karanta sharhin jarida ɗaya a rana a waya, ya rubuto irin waɗannan haɗe-haɗe biyar tare da jimlar da ya same su a ciki. Ta wata fuskar mun koma littafin Auta na da, sai dai yanzu kalma ba ta shiga ita kaɗai.

Na kuma nuna musu hawa uku na ma'ana ɗaya, *ask, question, interrogate*, ko *kingly, royal, regal*: na gida, na Faransa, na Latin. Kamar mutuwa da rasuwa da wafati ne, kowace da inda ake faɗinta.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi takwas. Mun mai da zaman bayan Asuba, don bayan La'asar Auta tana madafa, Alaramma kuma yana jan baƙi a tafsirin unguwa. Rabin awa kawai, tilawar gwangwani, ba sabon kaya.

Don kada barci ya ɗauke su na kawo musu tsarabar da na daɗe ina ajiya. Alƙalami daga Larabci ne, kowa ya sani, amma Larabawa ma daga *kalamos* na Girkanci suka samo shi, wato kara, irin wanda almajiri ke feƙewa. Falsafa *philosophia* ce, son hikima, ta shigo Larabci zamanin da ake fassara littattafan Girkawa a Bagadaza. Dinari *denarius* ne na Rumawa, dirhami *drachma*. Takarda kuwa, masana harshe sun bi sawunta ta bakin Buzaye har zuwa *charta* na Latin, uwar *chart* da *card* da *carton*. Auta ta ɗaga kati ɗaya ta ce, "Ke nan Kawu kati da katan da takarda 'yan ɗaki ɗaya ne?" Ɗaya ta ratso Sahara a kan raƙumi, biyu suka biyo teku.

Alaramma ya ci karo da *impecunious* a jarida. *Pecunia* kuɗi, daga *pecu*, dabbobin kiwo. Duk wanda ya taɓa jin Bafulatani ya ce dukiya yana nufin shanu ba ya buƙatar ƙarin bayani. *Im* ɗin kuma shi ya ba mu hukuncinsa tun Nuwamba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadin da ta wuce, mun dawo La'asar. Na ƙirga katunan, 64. Da mun cika biyar a mako da sun haura 100. Arba'in da ɗaya suna gwangwani na uku, tara har yanzu suna na farko, kuma kullum su ne: *cede* da *cide*, *vert* da *vers*, *sequ*, *loqu*, da dangin *cap, cept, ceive* da suka ƙi zama a kan Alaramma.

Gwajin yau da agogo muka yi shi, tambaya 20 cikin minti 12. Auta 17, Alaramma 15. Ta rage saurin zaɓa, ina ganin leɓenta yana mayar da kalmar cikin jimla kafin ta taɓa amsa. Shi kuma har yanzu yana tsayawa ɓare kalmar da ya riga ya sani, don daɗin abin, lokaci yana tafiya.

Wadda ta kā da su duka ita ce *sanguine*. Auta ta san *sanguis* jini ne, ta zaɓi mai zubar da jini, alhali ana nufin mai kyakkyawan fata. Dalilin yana cikin tsohon likitancin Girkawa, na su Hippocrates da Galen, waɗanda suka ce ruwa huɗu ne ke riƙe da jiki da hali: jini, majina, ruwan maɗaciya rawaya, da baƙi. Wanda jini ya rinjaya mai fara'a ne, *sanguine*. Na majina mai sanyin hali, *phlegmatic*. Na rawaya mai saurin fushi, *choleric*. Na baƙi mai yawan baƙin ciki, *melancholic*, *melan* baƙi, *chol* maɗaciya. Alaramma ya ce ya taɓa jin irin wannan rabon a bakin kakansa mai littattafan ɗibbu, balgamu da safra'u da sauda'u. Hanyar Bagadaza ce dai ta kawo shi.

Muka yi musu kati ɗaya su huɗu, a bayan kwalin maganin ƙarin jini, Auta ce ta zaɓo shi. Saura mako biyu da 'yan kwanaki a fara jarrabawa. Gobe ba sabuwar saiwa, taran nan na gwangwani na farko za mu tasa a gaba, sannan Alaramma ya kawo haɗe-haɗensa na mako biyu da yake min alkawari tun kafin Sallah.